Bawul ɗin yoke ko na DIN a kan tukunyar nutso ta alminiyam?

Wani ƙanena da ke nutso a dam ɗin Zobe ya kawo tukwanen iska biyu gidanmu a Katsina. Duka na alminiyam ne, irin wadda ake kira AL80, mai cin kusan lita 11 ana cika ta da iska har matsinta ya kai ba (bar) 207. Bawul ne ya raba su.

Ta farko yoke ce. Regileta, wato na'urar da ke rage matsin iskar don a shaƙa, na hawa kan bawul ne kamar an sa masa hula, a ɗaure da sukuru ta baya, zoben robar da ke hana iska zurarewa kuma yana zaune a fili a bakin bawul. Nan ne matsalar. Na ga nasa har ya fara tsagewa, ƙurar hunturu ta cika ramin. Sauƙinta dai, kusan duk wurin hayar kayan nutso za ka same ta.

Ta biyu DIN ce, tsarin Jamus. Ita murɗa regileta ake yi cikin bawul kamar noti, zoben robar ya shige ciki ya ɓuya, ko ta bugi dutse da wuya ya fita. Mai zaren noti bakwai tana ɗaukar matsin ba 300, amma wannan bai dame mu ba, tunda tukunyar ba ta kai can.

Na ce masa: Ƙanena, ni DIN zan ɗauka, ka sayi adafta mai haɗa DIN da yoke ka ajiye. Kuma kowacce ka goya, ka ƙara dalma a ɗamara, don alminiyam in iska ta kusa ƙarewa sai ta fara ɗaga ka sama.