Filashi ko faifan DVD: wanne ya fi don ɗora Windows da sabuntawarta a ciki?

Malam, kan tambayarka ta ko ka ƙona Windows a faifan DVD ko ka zuba ta a filashi, ta yadda za ta zo da sabuntawarta ba sai ka ƙarar da data ba: filashi za ka saya. Mai giga 16, USB 3.0, irin wanda cikin bakinsa shuɗi ne. Irinsa ne ke rataye a jikin makullin shagona. Kwamfutar Kawo ce ko ta Tudun Wada, da shi nake ɗora mata Windows, kuma idan sabon wata ya kama fayil ɗaya kawai nake cirewa in sa sabo.

Faifai kuwa yana da arha, iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Na gama-gari giga 4.7 yake ɗauka, alhali Windows 10 22H2 mai 64-bit da Windows 11 duk sun haura giga 5 tun ba ka ƙara musu komai ba. Sai ka nemo mai hawa biyu na giga 8.5, kuma da ka ƙona an gama, ga shi Microsoft na fitar da sabuntawa duk Talata ta biyu a wata. Yawancin laftof ɗin yanzu ma ba su da wurin faifai, masu shi kuma ƙurar hunturu ta daɗe da kashe musu idon da ke karanta faifan.

Idan kwamfuta ɗaya ce taka, kada ka wahalar da kanka. Media Creation Tool na Microsoft zai haɗa maka filashin, ragowar sabuntawar ka sauke bayan ka ɗora. Aikin da ke ƙasa na mai ɗora wa mutane ne da yawa.

Ka sauke ISO, wato fayil ɗaya da ke ƙunshe da dukan faifan Windows, daga shafin Microsoft kansa, ka kwashe abin da ke ciki zuwa wata folda, ka tabbata kana da sararin giga 25 ko fiye. A cikin foldar sources za ka ga install.wim, shi ne Windows ɗin gaba ɗaya. Idan install.esd ka gani, ba ya buɗuwa a yi masa ƙari, sai ka fara juya shi zuwa install.wim da dism /Export-Image; dism umarni ne da ke cikin Windows na gyara irin wannan fayil. Ka buɗe Command Prompt a matsayin administrator, ka duba lambar nau'in da kake so da dism /Get-WimInfo, domin Home da Pro kowanne da lambarsa.

Daga nan ka je Microsoft Update Catalog ka ɗauko Cumulative Update na ƙarshe na nau'inka, x64. Na ƙarshen kaɗai, don ya haɗiye duk na baya. Windows 11 24H2 ce ta zo da nata salo: tana buƙatar KB5043080 na Satumba 2024 a folda ɗaya da sabon. A nan W ita ce foldar da ka kwashe ISO, U inda ka ajiye sabuntawar, M kuma folda ce marar komai da za ka ƙirƙira. Umarni uku ne, na buɗewa, na ƙarawa da na rufewa, bi da bi:

dism /Mount-Image /ImageFile:C:\W\sources\install.wim /Index:6 /MountDir:C:\M
dism /Image:C:\M /Add-Package /PackagePath:C:\U\sunan-fayil.msu
dism /Unmount-Image /MountDir:C:\M /Commit

Wancan 6 ɗin ka musanya shi da lambar da ka gani. Na tsakiyar zai tsaya cak a wani kaso kamar ya mutu, ka ƙyale shi, aiki yake yi. A laftof mai batiri mai kyau za ka yi, saboda idan aka ɗauke wuta ana cikin rufewa fayil ɗin ya lalace, sai an sake daga farko. Idan ya ce 0x800f081e, sabuntawar ba ta nau'inka ba ce. Idan 0x800f0823 ya fito, ISO ɗin ya tsufa, yana son Servicing Stack Update tukuna, wato sabuntawar sashen da ke ɗora sabuntawa. Kada kuma ka bar foldar M a buɗe lokacin rufewa, zai ƙi sakinta. Mai tsoron baƙin allo ya yi amfani da manhajar NTLite, aikin ɗaya ne da linzami.

Sai Rufus, manhajar rubuta ISO a filashi. Ka rubuta ISO na asali a filashin, GPT ga kwamfuta mai UEFI, MBR ga tsohuwa mai BIOS, sannan ka maye install.wim na ciki da naka. In esd ne a ciki, ka goge shi. A nan mutane suke tuntuɓe: filashi mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, naka kuwa ya ƙara ƙiba. Ka zaɓi tsarin NTFS tun a Rufus, ko ka tsaga fayil ɗin da dism /Split-Image ka sa /FileSize:3800. Wajen tayar da kwamfutar daga filashin, ka danna F9 a HP, F12 a Dell. Ka tuna Windows 10 ta daina samun tallafin gama-gari tun 14 ga Oktoba 2025, saboda haka injin da ke da TPM 2.0, na'urar tsaron da Windows 11 ke buƙata, ka ba shi 11.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu filashin bakin titi. Za a rubuta giga 64 a jiki, kwamfuta ma ta nuna 64, cikinsa kuwa bai fi 8 ba. Zai karɓi fayil lafiya lau, sai ana tsakiyar ɗora Windows ya ce fayil ya lalace, bayan ka riga ka share wa mutum diski. Ka gwada ainihin girmansa da manhajar H2testw ranar da ka saya, ka kuma ce wa mai shago za ka dawo da shi in ya faɗi. Haka masu faifan "Windows da komai a ciki, har Office": ba ka san abin da aka cusa ba, sau da yawa an kashe Defender, mai tsare Windows daga bairos, kuma a kwamfutar ne mutum zai shiga asusun bankinsa. Ko kyauta aka ba ka, ka ce na gode ka bar masa.