Gurnanin taya: sharhina bayan juya tayoyi da alaimen a Legas

Idan motarka ta fara gurnani daga ƙasa, irin wanda yake ƙaruwa in ka ƙara wuta, kafin ka yarda a canza maka boris ka tsuguna ka shafa tayoyinka da hannu. Na faɗi haka ne bayan aikin da aka yi wa Corolla ɗina a wani shagon taya mai na'urar alaimen, wato saita ƙafafun mota su tsaya daidai, a wajen Ikeja. Aikin ya biya kuɗinsa, amma juya taya kaɗai bai kashe ƙarar ba, kuma gara mai zuwa ya san da haka tun daga gida.

A gosulon Agege zuwa Mile 12 ba na jin komai, don motar ba ta samun sararin gudu. Sai na hau gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, allura ta wuce 70, sannan wani "wuu-wuu-wuu" ya cika motar har ya danne rediyo. Bakanikena ya saurara ya ce boris ne. A shagon kuwa wani matashi ɗan Arewa da ke aiki a wurin ya ce mu fita titi tukuna. Ya riƙa karkata sitiyari dama da hagu a hankali, ƙarar ba ta canza ba. Ya ce in boris ne ya mutu, da nauyin mota ya koma gefe guda za ka ji kukan ya ƙaru ko ya ragu. Tamu kuwa da kwalta take canzawa, a sumul ta yi ƙarfi, a mai kaushi ta ɓuya. Da muka dawo ya ɗaga motar, ya juya kowace ƙafa ya girgiza ta, boris lafiyarsa ƙalau.

Sai ya ce, "Alhaji, kawo hannunka." Ya ɗora tafina a gefen ciki na tayar baya. In na shafa ta wannan fuskar sumul, in na dawo sai zanen ya riƙa kama fata kamar haƙoran zarto. Waɗannan haƙoran su ne suke marin kwalta ɗaya bayan ɗaya, su ne gurnanin. Ta bayan hagu ma ta fi muni, ta ci wuri-wuri, nan tudu nan kwari, domin shokozobanta ya saki, tayar tana tsalle a kan titi maimakon ta kwanta. Daga tsaye ba za ka ga ko ɗaya ba, zanen waje yana nan da kyansa.

Nan ne na fi jin daɗin wurin, don yaron ya san karatun taya. Wadda ta suɗe a tsakiya iska ce ta yi mata yawa. Wadda ta ci gefe biyu ta bar tsakiya, iska ta yi kaɗan, ko kaya sun yi mata nauyi, abin da mu masu loda buhuna a but muka sani sarai. In gefe ɗaya ne kawai, alaimen ya tafi, kuma a garin nan ba wuya ya tafi: ruwan damina ya rufe rami, ka faɗa da gudu, shi ke nan. Corolla da Camry da yawancin ƙananan motocin da muke hawa da gaba suke ja. Tayoyin gaba su ne ke jan mota, su ke juyawa, su ke ɗauke da injin, su ke shan mafi yawan birki, saboda haka sun fi saurin cinyewa. Na baya ana jan su ne kawai, kullum fuska ɗaya, shi ya sa haƙoran nan suka fi fito musu. Dalilin juya taya ke nan, kowace ta ɗanɗana aikin gaba da na baya. Masu ƙera taya suna cewa a yi duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000.

Yadda suka yi: na gaba suka koma baya kowace a gefenta, na baya suka zo gaba a gicciye, ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama. Ya fara duba jikin tayar ko akwai kibiya, don mai kibiya fuska ɗaya take gudu, gaba da baya kawai ake sauya mata a gefe guda. Aka yi balansin da 'yan ƙananan ƙarafan da ake maƙalawa a rim. Kafin alaimen ya gwada tayarod da bushin, ya ce in suna wasa asarar kuɗi ce, gobe saitin zai gudu. Shokozoba kuwa ya ce ba aikinsu ba ne. Na sayo biyu a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, bakanikena ya ɗaura, na dawo aka yi alaimen. Kuɗin aikin shagon gaba ɗaya bai kai rabin kuɗin sabuwar taya guda ba.

To sakamako. Da farko ƙarar ƙaruwa ta yi, tunda masu haƙoran sun dawo gaba kusa da kunnena. Ya riga ya gaya mini haka za a yi, da bai faɗa ba da na koma da faɗa. Bayan 'yan makonni wadda aka ciro daga bayan dama ta lafa ƙwarai, juyawar da aka yi mata ta goge haƙoran. Mai tudu da kwari ba ta gyaru ba, har tana ɗan kaɗa sitiyari. Robar da ta tafi ba ta dawowa. Daga ƙarshe na sayi sababbi biyu, aka sa su a baya, don masu ƙera taya sun ce masu zane mai kyau a baya ake sa su, saboda kada bayan mota ya zame a jiƙaƙƙen titi. A Legas wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Akwai abin da bai yi mini ba. Mai shagon tun kafin a duba komai yake ta matsa mini in sayi huɗu sababbi. Wanda ya ɗaure noti da bindigar iska ya ɗaure su fiye da kima, da na gwada da sifanata a gida ko motsi ba su yi ba. Ka yi tunanin faci ya same ka da dare a hanyar Ibadan. Sai da na koma aka sassauta aka ɗaure daidai. Iska ma 40 suka nufa, irin ta masu facin bakin titi, sai da na buɗe ƙofar direba na nuna musu takardar da ke liƙe a jikin ginshiƙi. Lambar da ke wurin ita ce ta motarka, wadda ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne. Kuma da safe ake aunawa, kafin taya ta yi zafi.

Ga masu sayen tokunbo, wato tayoyin hannu da ake shigo da su daga waje, ku duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a jikin taya. In ka ga 2321, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar shekara 4 daga ranar ƙira a matsayin wa'adin taya. Ku duba 'yan tudun da ke cikin ramin zane, in zane ya yi daidai da su saura milimita 1.6, tayar ta gama. Sannan ku shafa ta da hannu, don da yawa da haƙoransu ake shigo da su, ka ɗaura yau gurnani ya fara yau.

Zan koma shagon, amma wurin wannan matashin, kuma zan tsaya a kansu lokacin ɗaure noti da sa iska. Juya tayar kuwa na haɗa ta da juyen baƙin mai, in an yi biyu sai a juya taya sau ɗaya.