Sabo, Tokumbo ko Gyara: Kafin Ka Sayi Kayan Ƙafar Mota a Gombe

Duk mai bin hanyar Gombe zuwa Bauchi ta Alkaleri, ko mai gangarawa Billiri da Kaltungo, ya san ƙafar mota kan riga inji kuka. Da an ji ƙwas-ƙwas a gaba, sai mu zarce shagon kayan gyara mu ce a kawo shokozoba, wato shok, mai hana mota lilo in ta faɗa rami. Yana cikin masu tsada a kayan ƙafa, kuma sau da yawa ba shi da laifi.

Ni ma na taɓa faɗawa. Na sayi shok biyu na gaban Corolla, aka ɗaura, rami na farko bayan gareji ƙarar ta dawo yadda take. Wani dattijon bakanike ya kwanta ƙarƙashin motar, ya kama wani siririn ƙarfe ya girgiza, ya ce, "Alhaji, ai linkej ne ya mutu, shok ɗinka na da lafiyarsa lau." Kuɗin linkej ɗin ko kusa da na shok ɗaya bai kai ba.

Saboda haka kada ka ciro ko sisi sai an ɗaga motar a jak a gabanka. A kama taya ta gefenta na dama da na hagu a jijjiga. In tana wasa, a dubi tayirod ko rak na sitiyari, ƙarafan da ke kai juyin sitiyari ga taya. A sake kama ta sama da ƙasa. Wasa a nan na nuna boljoyin, gaɓar da ke riƙe taya a jikin ƙafa, ko boris, wanda taya ke juyawa a kansa. Kunnenka ma shaida ne. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu yawanci boris ne. Ƙas-ƙas-ƙas lokacin da ka murɗe sitiyari gaba ɗaya kana shan kwana, shaf ne, sandar da ke kai ƙarfin inji ga taya. Sitiyarin da ke kakkarwa sai ka kai wajen kilomita 100 a awa, fara da balansin taya, ka duba ko rim ya lanƙwashe. Shok kuwa alamunsa daban: mai yana tsiyaya a jikinsa, mota tana lilo bayan ta wuce rami, gaba yana dungurawa in an taka birki, taya tana cinyewa tudu-da-kwari. In gefe ɗaya kawai taya ta ci, alaimen, wato saitin tsayuwar tayoyi, shi ne ya goce.

To an gano mai laifi. Yanzu wanne za a saya?

A shok ne gardama ta fi zafi. Na tokumbo, wanda wasu ke kira ɗan Beljiyam, na ainihi ne da ya zo da mota daga kamfani, shi ya sa direbobin Sharon da Golf ke rantsuwa da shi. Matsalar ita ce ba ka san tafiyar da ya sha ba. Masu ƙera shok kamar KYB suna ba da shawarar a sauya shi a wajen kilomita 80,000, motocin da ake fasawa a turo mana kayansu kuwa da yawa sun wuce haka. Wanki da fenti ba sa mayar da tsoho yaro. In shi za ka ɗauka, danna shi da hannu: ya shiga da nauyi iri ɗaya daga farko har ƙarshe, ba tsalle ba wuri mai sako-sako, sandarsa kuma ba tsatsa ba karce. Ka yi sharaɗi da mai shago a kan kwanakin da za ka iya dawo da shi. Sabo na KYB, Monroe ko Sachs ya fi kwanciyar hankali, in dai na gaske ne, domin kwali ya fi komai sauƙin bugawa. Dubi lambar da ke jikin ƙarfen, ta dace da ta kwalin. Sabon da farashinsa ya faɗi ƙasa da na tokumbo, ni dai ba na taɓa shi. Akwai kuma masu huda tsoho su ɗura mai su liƙe. Wannan sai dai ya kai ka ƙarshen wata. Kowanne ka zaɓa, a sauya dama da hagu tare.

Boljoyin da tayirod kuwa ba na yarda a yi ciniki da su. Sabo kawai, na 555 ɗan Japan ko CTR na Koriya, daga wanda ka amince da shi. Shok in ya mutu jiki ne ke shan wahala, amma boljoyin in ya fita taya ce ke kwanciya kana cikin gudu. Masu tsofaffin Honda Accord sun fi kowa sanin wannan, don a irin ƙirar ƙafarta boljoyin na ƙasa yana ɗauke da nauyin motar. In yaron gareji ya ce, "Oga, bari in bubbuga shi ya matse," ka ce masa a'a, ko da kuwa aljihu ya yi sanyi. Robar da ke rufe shi ma in ta yage, ƙurar hunturu da ruwan damina za su wanke giris su cinye shi cikin ɗan lokaci.

Inda tokumbo ke cin riba shi ne manyan ƙarafa: sifirin, hob, hannun ƙafa, da rak. Rak na tokumbo mai kyau ya fi sabo maras suna. Amma a lura, tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyarinmu yana hagu, don haka rak da aka ciro daga motar Ingila ko ta cikin Japan ba zai zauna ba. Ka tafi da lambar chasis, haruffa da lambobi 17, domin ƙirar Amurka da ta Turai kan bambanta ko da sunan mota ɗaya ne. Kafin ma a kai ga rak, a duba mai. Sitiyari mai nauyi yana kuka sau da yawa man fawa, wato man sitiyari, ne ya ragu ko belt ya saki. Honda tana da nata man, kada a zuba mata na giya yadda ake yi wa tsofaffin Toyota. Corolla daga 2009 zuwa sama sitiyarinta ba ya shan mai sam, lantarki ke juya shi, sai mai kwamfuta.

Bushin, robar da ke tsakanin ƙarafan ƙafa, a sa sabon roba. Wanda ake yankawa daga tsohuwar taya yana da arha kuma yana daɗewa, sai dai taurinsa yana tura dukan hanya zuwa sauran ƙarafa.

In kayan babu a Gombe aka ce za a aiko daga Ƙofar Ruwa a Kano, a turo hoton lamba tukuna kafin ka tura kuɗi. Bayan an ɗaura tayirod, rak ko shok na gaba, daga gareji wajen alaimen za ka wuce, ba gida ba. Tsohon kayan da aka cire kuma ka sa a zuba maka a but.