Hosmer-Lemeshow ko Stukel: wanne ya dace da binciken masu cuta da marasa cuta?

Malama, kin tambaya wanne cikin gwaje-gwajen nan biyu za ki yi amfani da shi don auna ko samfurin lojistik (lissafin da ke hasashen yiwuwar kamuwa da cuta) ya dace da bayananki. Tunda mutanenki 540 ne, masu cuta 180 da marasa cuta 360, kuma ba ki haɗa su bibbiyu bisa shekaru ko jinsi ba, ki ɗauki gwajin Stukel. Hosmer-Lemeshow ki sa teburinsa kawai don mai duba aikinki zai nema.

Amma kafin komai, ki riƙe abu ɗaya. Tun 1979 Prentice da Pyke suka nuna cewa a irin wannan bincike, alƙaluman OR (odds ratio, ma'aunin ƙarfin alaƙar wani abu da cutar) da samfurin lojistik ke bayarwa ingantattu ne, intasef (lambar tushe ta samfurin) ne kaɗai ke gocewa, domin ke kika zaɓi yawan masu cutar da hannunki. Shi ya sa in kika haɗa hasashen da samfurin ya yi wa kowa kika raba da 540, za ki samu ɗaya bisa uku cif (wajen 0.33), ko da cutar ba ta kama mutum ɗaya cikin ɗari a gari. Don haka ko wane gwaji kika yi, dacewar samfurin da bayananki kaɗai yake aunawa, ba haɗarin kamuwa a cikin jama'a ba.

Hosmer-Lemeshow, na 1980, yana jera mutane bisa hasashe, ya kasa su kashi goma, wajen 54 kowane kashi, ya gwada adadin da aka gani da wanda aka zata, da df (degrees of freedom) 8. A manhajar Stata umarnin `estat gof, group(10) table` ne, a SPSS kuwa akwati ɗaya za ki danna. Sauƙinsa ke nan, ƙarshen alherinsa ke nan. Ki mai da kashin takwas ko goma sha biyu, sai ƙimar p (lambar da ake yanke hukuncin gwajin da ita) ta sauya. Hosmer da kansa da abokan aikinsa sun nuna a 1997 cewa manhajoji daban-daban na ba da p daban a kan bayanai iri ɗaya. Ga shi in ya ce akwai matsala, ba ya nuna inda take.

Stukel, na 1988, bai kasa kowa ba. Bayan kin gudanar da samfurin, ki adana xb na kowane mutum, wato jimillar da samfurin ya lissafa masa kafin a mai da ita hasashe. Ki ƙirƙiri sabbin ginshiƙai biyu: na farko rabin xb² ga wanda xb ɗinsa sifili ne ko sama, na biyu rabin xb² da alamar ragi ga wanda yake ƙasa da sifili, sauran ki cika da sifili. Ki zuba su cikin samfurin, ki sake gudanarwa, ki kwatanta da na farko da `lrtest`, df 2. In p ta yi ƙasa da 0.05, duba wanne cikin biyun ya motsa, shi zai gaya miki ko a ɓangaren masu babban haɗari lanƙwasar samfurin ta kauce ko a na ƙananan. Sau da yawa laifin na shekaru ne ko BMI (ma'aunin nauyi bisa tsayi) da aka shigar a miƙe alhali a lanƙwashe suke. A kula: da rabon ɗaya da biyu irin naki, yawancin xb ƙasa da sifili suke, ki ƙirga mutum nawa ne a ginshiƙin farko. In ba su taka kara sun karya ba, kar ki dogara da shi.

Akwai gwajin Qin da Zhang na 1997 da aka tsara musamman don irin wannan bincike, sai dai yana buƙatar bootstrap (maimaita ɗiban bayanai sau da yawa), kuma babu shi a jerin SPSS.

Da a ce kin haɗa su bibbiyu ne, to umarnin `clogit` na Stata za ki yi, kuma `estat gof` ba ya aiki bayansa.

Hattara da masu karɓar kuɗi su yi wa ɗalibai nazari. Wasu sai su yi ta juya adadin kashi har p ta haye 0.05, ko su manna AUC su ce samfuri ya dace, alhali AUC ma'auni ne na yadda samfuri ke rarrabe masu cuta da marasa cuta, ba na dacewa ba. Ki ce a ba ki fayil ɗin umarni da teburin kashi goma kafin ki biya cikon kuɗi.