GURPS: Sarauta Ma Da Maki Ake Sayenta

Cikin wasannin tebur da kowa ke ɗaukar matsayin wani gwarzo, GURPS bugu na 4, wanda kamfanin Steve Jackson Games ya fitar a 2004, ya fi yawancinsu tsara batun daraja. Da maki ɗan wasa ke sayen halayen gwarzonsa. Kowane mataki na matsayi maki 5 ne, daga -2 har zuwa 8, kuma duk matakin da ka fi mutum da shi yana ƙara 1 a kan jifan dayis uku da ke nuna yadda zai karɓe ka. Dukiya daban ake biyanta: maki 10 na ninka jarin farawa sau 2, maki 20 sau 5, har da kyautar mataki ɗaya na matsayi.

Inda aka yi dabara shi ne kuɗin rayuwa. Mai mataki 0 dala 600 yake kashewa a wata a cikin wasan, mai mataki 2 kuwa 3,000. Ka sayi sarauta babu dukiya, bashi zai cinye ka.

Aibinsa? Idan jagoran wasa, mai tsara labarin, kullum kogo da dodanni yake kai mutane, makin ɗan sarki sun tafi a banza, ɗan'uwansa mai takobi na ta sharafi. Sai a tambayi jagora inda labarin zai gudana tun kafin a cike takardar halayen gwarzo.