Man kaɗanya ko man ƙwayoyin teku?

A gaɓar tekun Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya, akwai wata ƙwayar bakteriya, Pseudoalteromonas antarctica, mai fitar da yauƙin da ke kare ta daga tsananin sanyi. Kamfanin Lipotec na Sifaniya yana kiwon ta a tankuna, ya tace yauƙin, a zuba ɗan kaɗan cikin man shafawa. Irin wannan mai ba ya maiƙo, fuska na shanye shi nan take, sai dai kuɗinsa ba na talaka ba ne.

Man kaɗanya kuwa kauri gare shi, ga ɗan ƙauri, amma yana rufe fata, danshi ya kasa ficewa. Idan hunturu ya tsage dunduniya har tana kama zanen gado, ni dai kaɗanya nake murzawa da dare, in sa safa.