Waya ɗaya ko biyu a zuciyar kare?

A gwajin da ake yi kan karnuka akwai hanya biyu ta saka wa zuciya na'urar bugu, wato na'urar da ke daidaita bugun zuciya. Zuciya tana da ɗakunan sama masu karɓar jini da na ƙasa masu tura shi waje. Hanya ta farko waya ɗaya ce a ɗakin ƙasa, sauƙi gare ta gaskiya, amma ɗakin sama sai ya riƙa matsawa ba kan lokaci ba, wani sa'in ma ƙofar da ke tsakanin ɗakunan biyu na rufe, jini ya koma baya, abin da zuciya ke turawa ya ragu.

Ta biyu kuwa waya biyu ce, ɗaya a ɗakin sama ɗaya a na ƙasa, sama ke fara matsawa sannan ƙasa ta biyo, wannan ɗan turin na ɗakin sama kan ƙara wajen kashi 20 cikin 100 na cikar ɗakin ƙasa. Lafiyayyen kare yana jure rashinsa, amma in tsokar zuciya ta yi tauri wallahi bambancin babba ne, shi ya sa ni dai na fi yarda da waya biyu duk da wahalar sakawa.